Filin Emirates: me ya fitar da Arsenal daga Highbury, kuma yaya ake shiga kallo?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aiki zai kai ni Landan cikin Disamba, ina so in kalli wasan Arsenal ko da ɗaya ne. A ina ake samun tikitin da ba na bogi ba, wane ɓangare ya fi daɗin kallo, kuma ta wace tasha ake sauka? Sannan masana su ɗan faɗa mana abin da ya sa aka bar Highbury, tun da a can aka ci kofuna.

Baba_Gunner:
Wa alaikumus salam Dan_Fagge. Bari in ɗauki ta ƙarshen. Arsenal ta zauna a Highbury daga 1913 zuwa 2006. Bayan turmutsutsun 'yan kallo a filin ƙwallo na Hillsborough a 1989 aka wajabta wa manyan ƙungiyoyin Ingila su soke wuraren tsayuwa, kowa ya samu kujera, sai Highbury ya koma ɗaukar mutum 38,419 kacal. Faɗaɗa shi kuma ya gagara, gidajen mutane sun kewaye shi, ga shi ginin gefen gabas yana cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana rushewa. A lokacin kuwa Old Trafford ya haura 60,000, duk wasan gida Manchester United tana tara kuɗin da Arsenal ba ta iya kamowa.

Shi ya sa aka koma Ashburton Grove, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga tsohon filin. Wurin masana'antu ne da wajen tara sharar ƙaramar hukumar Islington, sai da ƙungiyar ta gina wa hukumar sabon wajen shara kafin ta samu filin. Aikin ya ci fam miliyan 390, mafi yawansa bashi. A 2004 kamfanin jirage na Emirates ya sa hannu kan yarjejeniyar fam miliyan 100, ta sunan fili da tallar riga. An buɗe ranar 22 ga Yulin 2006 da wasan karrama Dennis Bergkamp da Ajax, Arsenal ta ci 2-1, Henry da Kanu namu suka zura ƙwallayen. Bashin nan ne ya ɗaure hannun koci Arsène Wenger shekaru, yana sayar da manyan 'yan wasa, kofi kuma bai sake shigowa ba daga 2005 sai 2014. A ganina duk da haka ƙaurar ta zama dole.

Idan ka je, ka bi ta titin Avenell Road ka ga fuskar tsohon Highbury. An mayar da shi gidajen kwana, inda ake buga ƙwallo ya zama lambu.

Injiniya_Samaru:
Baba ya gama da tarihi, ni zan taɓa gini, domin shi zai nuna maka inda za ka zauna. Kamfanin HOK Sport ne ya zana shi, wanda yanzu ake kira Populous. Yana ɗaukar mutum 60,000 da ɗoriya, a hawa huɗu: na ƙasa, sai na masu tikiti mai tsada da ake kira Club Level, sai jerin ɗakunan alfarma 150, sai na sama. Filin ƙwallon kansa mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, ciyawarsa ta gaske ce amma an saƙa ta da zaren roba don kada ta tuge a lokacin ruwa.

Hukuma ta ƙayyade tsayin ginin saboda maƙwabta, don haka rufin ya sunkuyo ciki, bai yi sama ba. Babu ginshiƙi ko ɗaya da zai tare maka gani, manyan ƙarafa biyu ne suka ɗauki nauyin rufin. Idan ka lura, bakin hawan sama yana tashi a tsakiya yana sauka a kusurwoyi, an bar sarari tsakaninsa da rufi don iska da haske su kai ga ciyawa. Illar hakan ita ce sanyi yana ratsowa, kuma a Disamba ba wasa ba ne. Ka sa riga mai kauri, hula da safar hannu.

Wurin zama kuwa, hawan ƙasa ba shi da tudu sosai. Layukan farko suna kusa da 'yan wasa, amma ba ka ganin tsarin wasan, kuma idan ana ruwa da iska za ka jiƙe. Mai son karanta wasa ya nemi layukan gaba na hawan sama a gefen gabas ko yamma. Mai son hayaniya da waƙa ya nemi ƙasan North Bank ko Clock End, bayan raga. Magoya bayan baƙi suna kusurwar kudu maso gabas, su kimanin 3,000.

Hajiya_Landan:
Malam Dan_Fagge, maganar tikiti ita ce babba, a nan mutane suke asara. Wasannin Firimiya na Arsenal kusan ba sa kaiwa ga sayarwa kowa da kowa. Sai ka yi rajistar zama mamba a shafin ƙungiyar, matakin farko shi ne Red, sannan ka shiga ƙuri'ar da ake yi wa kowane wasa makonni kafin ranar. Idan ba ka dace ba, ka riƙa leƙa Ticket Exchange a shafin nasu, inda masu tikitin kakar wasa gaba ɗaya suke mayar da kujerunsu idan ba za su zo ba. Sun fi fitowa a kwanakin ƙarshe. Wasan kofin Carabao ko na ƙungiyar mata ya fi sauƙin samu nesa ba kusa ba.

Kada ka saya a hannun 'yan bumburutu a bakin tasha ko a kafafen sada zumunta. Sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin ƙungiya ba laifi ne a dokar Ingila. Tikitin yanzu a waya yake, ɗaure da sunan mamba, hoton da wani zai turo maka ba zai buɗe ƙofa ba. Ka sauke naka cikin wayar tun daga masauki, ka cika caji, domin intanet yana nauyi idan jama'a sun taru.

Abu na biyu da ke ɓata wa baƙi lissafi: ranar da ka gani a jadawalin farkon kaka ba tabbas ba ce. Gidajen talabijin suna matsar da wasan Asabar zuwa Lahadi ko daren Litinin. Ka jira a tabbatar kafin ka tsayar da ranar komawa. Agogon Landan kuma a Disamba yana bayan na Najeriya da awa ɗaya.

Malam_Tudun_Wada:
Ƙari kan abin da Hajiya ta faɗa. Layin Piccadilly na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tasowa daga Heathrow har tashar Arsenal ba canji, ita ce mafi kusa a tashoshin ƙarƙashin ƙasa. Tashar Drayton Park tana manne da filin amma a rufe take ranar wasa, Holloway Road kuma ba a shiga ta bayan an tashi. Da an busa usur ɗin ƙarshe layin shiga tashar Arsenal yana yin tsawo ƙwarai, gara ka taka minti goma zuwa sha biyar zuwa Finsbury Park ko Highbury & Islington, dukansu suna kan layin Victoria. Kada ka zo da mota, titunan unguwar na mazauna ne, tara za ka sha.

Ka isa awa ɗaya da rabi kafin a take wasa, ka zaga ka ga mutum-mutumin Henry, Adams, Bergkamp, tsohon koci Herbert Chapman da na Wenger da aka kafa a 2023. Harafin ƙofarka yana jikin tikiti, ta nan kaɗai za ka shiga. Jakar da ta fi takardar A4 girma ba ta wucewa, kuma a ciki ba a karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Wanda ya fita ba ya komowa. Kada ka sa rigar abokan hamayya a ɓangaren 'yan gida, ko ka yi murnar ƙwallonsu, za a fitar da kai.

Batun salla ka tsara shi tun da wuri. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, wasan ƙarfe uku zai cinye magariba. Masallacin Finsbury Park yana kan titin St Thomas's Road, a kan hanyarka ta zuwa filin idan ka sauka a tashar Finsbury Park, ka duba jadawalinsu na ranar. Abincin halal kuma yana nan birjik a Blackstock Road da Seven Sisters Road, ya fi na cikin fili araha da ƙosarwa.

Dan_Fagge:
Allah ya saka da alheri. Yau zan yi rajistar Red ɗin. Hajiya, mamba ɗaya yana iya cire tikiti biyu, ko abokin tafiyata ma sai ya yi tasa?

Hajiya_Landan:
Sai ya yi tasa, kowace kujera da lambar mamba ɗaya. Ku haɗa asusunku a shafin kafin ku shiga ƙuri'a, ta haka ne za a ba ku kujeru kusa da juna.