Neman kalmar Hausa: wane suna za mu sa wa survival horror?

Salamu alaikum jama'a. Akwai wata kalma da take tsaya min a wuya duk sanda aka ɗauko hirar tsofaffin gem, wato survival horror, gem ɗin ban tsoro da kake neman tsira da ranka a cikinsa, irin su Resident Evil na farko da Silent Hill da Alone in the Dark. Mu dai abin da muka saba cewa shi ne gem ɗin ban tsoro, shi kenan mu wuce. To ni fa wannan sunan bai gamsar da ni ba, don ya kama rabi ya saki rabi, kuma rabin da ya saki ɗin nan shi ne ainihin daɗin abin. Ina da tawa shawarar, amma bari in fara faɗin yadda wasan yake tukuna, don wanda bai taɓa bugawa ba shi ma ya samu bakin magana.

Kamfanin Capcom na Japan ne ya yayata wannan sunan a 1996 lokacin da ya fitar da Resident Evil a PlayStation, can gida Japan kuma Biohazard suke ce masa. Amma tun 1992 wani kamfanin Faransa mai suna Infogrames ya riga ya kafa zubin da Alone in the Dark, wanda Frédérick Raynal ya jagoranci ƙirƙirarsa. A wannan ɗin kana farawa ne daga ɗakin can ƙololuwar wani tsohon gida a Luwiziyana ta Amurka, kuma abin da ake so ka fara yi ba harbi ba ne, a'a, ka tura kabad ka toshe taga, ka ja akwati ka danne ƙofar da ke ƙasan daɓe, in ka yi sanyin jiki abu ya faɗo maka. Ka ga tun daga minti na farko an gaya maka matsayinka, kai ba jarumi ba ne, mai neman ya kuɓuta da ransa ne.

Resident Evil sai ya zo ya ƙara ɗaure abin. Harsashi ƙirgagge ne, in ka ɓarar da shi a kan kowace gawa mai tafiya da ka gani a baranda to in ka isa wurin babban dodo sai dai ka riƙe wuƙa. Jakarka ma ƙarama ce, cikin mutum biyun da ake zaɓa a buga da su, in Chris ka ɗauka gurbi 6 gare ka, in Jill ce 8, kuma mukulli ɗaya gurbi ɗaya yake ci kamar yadda bindiga take ci, sai ka tsaya gaban akwatin ajiya kana lissafi, in ɗauki koren ganyen magani ne ko in bar shi in ɗauki harsashi. Uwa uba sebin, wato adana inda ka kai a wasan. Ba ka isa ka yi sebin a inda ka ga dama ba, sai ka nemo tafireta, kuma sai kana da ribon ɗin tawada, shi ma ƙirgagge ne, kowane sebin ɗaya ya tafi. Yanzu ku haɗa wannan da ɗauke wutar ƙasarmu, mutum ya yi awa guda yana lallaɓawa yana tattalin ribon, yana cewa bari in ɗan ƙara gaba kafin in yi sebin, kawai sai ɗif. Wallahi wannan fargabar ta fi ta karnukan nan da suke fasa taga su diro maka a baranda.

To a nan ne matsalar ban tsoro take. Hausa ai ta rarrabe abubuwan nan tsaf, tsoro daban, razana daban, fargaba daban, zullumi daban. Razana ita ce abu ya faɗo maka ba zato ka zabura, daƙiƙa biyu ta wuce. Tsofaffin gem ɗin nan suna da ita amma ba a kanta suka dogara ba, a kan fargaba suka dogara, kana tafiya kana sauraron takunka, ka san akwai abu a bayan ƙofar can kuma ka san harsashi uku ya rage maka. Silent Hill na kamfanin Konami, 1999, shi ne gwani a wannan fagen. Na'urar PlayStation ta lokacin ba ta da ƙarfin zana gari har nesa, sai masu gem ɗin suka lulluɓe garin da hazo da duhu, abin da ya kamata ya zama naƙasu sai ya koma makami, ba ka ganin abin da ya wuce 'yan taku kaɗan a gabanka. Suka ba ka ɗan rediyo wanda yake fara shuuu in dodo ya matso, kana jin ƙarar tana ƙaruwa amma ba ka san ta ina zai ɓullo ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Kuma wanda kake bugawa da shi, Harry Mason, ba soja ba ne, uba ne kawai da yake neman 'yarsa, ko saitin bindiga bai iya sosai ba.

Da na fara tayar da maganar, 'yan'uwa sun kawo shawarwari, na gode ƙwarai, kuma ga yadda na gan su. Wani ya ce wasan aljanu. Malam, wannan kam ban yarda ba, don a Resident Evil babu aljani ko ɗaya, ƙwayar cuta ce da wani kamfanin magani na cikin labarin mai suna Umbrella ya ƙirƙira, sannan duk mun san nauyin kalmar aljanu a gidajenmu, yaro ya ce wa mahaifiyarsa yana buga wasan aljanu ai ya ja wa kansa magana a kan abin da ba haka yake ba. Wasan fatalwa shi ma ya yi ƙunci. Wata 'yar'uwa ta ce wasan tsira da rai, kuma gaskiya, yaya, naki ya fi kusa, shi ne ma fassarar da ta fi kowace tsabta. Abin da ya hana ni ɗaukarsa kawai shi ne bai da zafi a baki, ya yi kama da kanun labarai, kuma bai nuna cewa tsirar da ƙyar aka yi ta ba. Akwai wanda ya ce ƙafa-me-na-ci-ban-ba-ki-ba, wannan zai dace da Clock Tower na 1995 inda yarinyar nan Jennifer ba ta da makami, gudu da ɓuya kawai take yi daga wani mai ƙaton almakashi, amma ya yi tsawo, kuma ba duka ne na gudu zalla ba.

Ni tawa ita ce sha-da-ƙyar. Gem ɗin sha-da-ƙyar.

Dalilina, duk Bahaushe in ya ji an ce wane ya sha da ƙyar ya san abubuwa uku a take ba sai an yi masa bayani ba, ya san akwai haɗari na gaske, ya san wanen ba shi ne mai ƙarfi a wurin ba, kuma ya san saura ƙiris da bai kai labari ba. Wannan shi ne gem ɗin gaba ɗaya. Ka isa ɗakin sebin kana ɗingishi, lafiyarka ta koma ja, harsashi ɗaya a bindiga, ka rufe ƙofa kiɗan nan mai sanyi ya fara, ka sauke numfashi. Kuma haka Hausa take raɗa suna tun asali, ta ɗauki 'yar jimla ta maishe ta suna, dafa-duka, hana-salla, a-daidaita-sahu, a-kori-kura, ba wanda ya zauna a ofis ya ƙirƙire su, baki ne ya karɓa.

Na san ƙorafin da za a yi, an ma riga an yi, wai ai ko a ƙwallo ana cewa ƙungiya ta sha da ƙyar, ina tsoron yake a ciki. Maganar tana kan hanya. Amsata ita ce a cikakken suna sai a ce gem ɗin tsoro na sha-da-ƙyar, musamman a rubutu ko a gaban wanda bai san harkar ba, a hira kuma a gajarta. Ban tsoro ya zauna a matsayin babbar rumfa, sha-da-ƙyar ya zama ɗaya daga cikin masu zama a ƙarƙashinta, don akwai gem na ban tsoro da za a cika maka hannu da manyan bindigogi ka yi ta ɓarin wuta, wannan ba namu ba ne.

Kuma don Allah kar soyayyar abin ta sa mu rufe ido a kan aibinsa, don aibin ma yana neman suna. Na farko shi ne yadda ake sarrafa mutumin. In ka danna sama ba saman allo zai nufa ba, inda fuskarsa take kallo zai nufa, hagu da dama kuma juya shi suke yi a tsaye a hankali, kamar mai juya amalanke a cikin lungu. Turawa da tankar yaƙi suka kwatanta shi, don haka tuƙin tanka ya wadatar, ba sai mun wahala ba. Akwai dalilin da ya sa aka yi shi haka, kyamarar kafaffiya ce, kowane ɗaki daga kusurwa ɗaya kake ganinsa, kana ƙetare wani layi hoton ya sauya, to da ba don wannan tuƙin ba da sai mutum ya riƙa rikicewa. Amma duk da haka sau da yawa ba dodo ne yake kashe ka ba, juyi ne, kana jin gurnani a gabanka kana harbin abin da kyamara ta ƙi nuna maka. Ga ƙofofin nan da ake nuna maka suna buɗewa a hankali duk shiga duk fita don a ɓoye lodin, wato jiran na'ura ta ɗauko ɗaki na gaba, da farko suna ƙara fargaba, in ka yi ta zirga-zirgar kai mukulli da dawowa sai su zama gajiya. Maganar 'yan wasan da suka sa murya a Resident Evil na farko kuwa ba ta yi kyau ba sam, har yau ana ambatonta. Sai a 2005 da Resident Evil 4 kyamara ta koma bayan kafaɗa, wasan ya yi sauƙin riƙewa, amma a ganina wani abu na fargabar ya tafi tare da tsohon zubin.

Ɗaya ɓangaren da nake so mu taɓa shi ne 'yan'uwansu na kwamfuta da ake kira adventure, musamman masu nuni da dannawa da linzami. An saba fassara kalmar da kasada, kuma a nan ba ta zauna ba, don sunan ma daga wani gem na rubutu zalla ya samo asali, Colossal Cave Adventure na Will Crowther a 1976, kuma abin da ake yi a cikinsu ba kasada ba ce, tunani ne, ka tsinci abu a nan ka adana, ka yi hira da wancan, ka gano inda abin zai yi amfani. Ni gem ɗin warware ƙulli nake ce musu. Masu kyansu suna da daɗi ba kaɗan ba. A The Secret of Monkey Island na 1990 faɗan takobi ma da baki ake cinsa, abokin faɗa ya yaɓa maka baƙar magana kai kuma ka nemo amsar da ta dace da ita, duk wanda ya tashi cikin wasan tobasai da barkwancin Fulani da Barebari zai gane daɗin wannan nan take. Ron Gilbert da ya tsara shi ya yi shi ne yadda ba za ka maƙale har abada ba.

Na kamfanin Sierra kuwa ba su da wannan tausayin. A King's Quest V, shi ma 1990, akwai wani kek da kake saya a gari tun da wuri, can gaba a kan duwatsu yunwa ta kama Sarki Graham, wanda kake bugawa da shi, in ka ba shi kek ɗin ya ci gem ɗin ba zai ce maka komai ba, sai ka yi gaba ka haɗu da dodon ƙanƙara sannan ka gane ashe kek ɗin nan za ka jefa masa a fuska, kuma ba hanyar komawa sai in kana da tsohon sebin. Wannan zalunci ne a tsari, ba wasa ƙwaƙwalwa ba. Na Gabriel Knight 3 a 1999 ya ma fi, za ka liƙa salatif a bakin rami ka kora kyanwa ta wuce don gashinta ya manne, ka haɗa gashin baki na ƙarya da shi, duk don ka yi shigar wani mutum wanda shi kansa ba shi da gashin baki, sai ka zana masa a fasfo. Irin wannan ƙullin ni ƙullin gangan nake kiransa, don ba hankali ne zai kai ka ga amsar ba. Sannan akwai yawo da linzami a kan allo ana neman wani ɗan ɗigo da ba a iya bambanta shi da bango, wannan sunansa na nan a shirye, lalube.

Wani abin da ya sa nake ganin sunayen nan suna da amfani, yawancinmu a gidajen gem na unguwa ƙwallo da Mortal Kombat muka tarar, don ana biya ne wasa-wasa kuma akwai layi a bayanka, ba mai barin ka ka zauna awa uku kana neman mukulli, ga Turancin da sai ka karanta takardu da wasiƙun cikin gem ɗin kafin ka gane inda aka dosa. Konamin da ta yi gem ɗin ƙwallo na Winning Eleven ita ta yi Silent Hill, amma ɗaya kowa ya san shi ɗaya kuwa sai ɗaiɗaiku. Yanzu da yara suke saukar da tsofaffin nan a waya da kwamfuta, gara su same su da sunan da za su iya faɗa wa junansu.

Ita kalmar retro da ake kiran tsofaffin gem da ita kuwa ban ga abin jayayya ba, tsohon yayi ko na dauri duk sun yi, in sabo ne aka yi shi da kamannin na da kuma a ce mai tsohon zubi. Ku gwada sha-da-ƙyar ɗin a bakinku ku ji, misali ka ce wa abokinka ni ban iya sha-da-ƙyar da daddare ba sai da rana, ko ka ce wannan sabon ai ba sha-da-ƙyar ba ne, harbi ne kawai. Mutanen Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram, ku gwada shi da harshenku ku faɗa mana in ya zauna, musamman warware ƙulli ɗin, don shi nake so a ƙara tattaunawa a kai kafin mu tsayar.