Baƙi biyar za su sauka jami'armu da damina: daga wace takarda ake farawa?

Malamin tsangayar noma:
Assalamu alaikum jama'a. Shugaban tsangayarmu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, a Nijar, ya ɗora mini ɗawainiyar baƙin da za su zo aikin bincike kan sassaben zamani (barin itatuwan da suka toho da kansu a gona a raine su) da noman hatsi a wajajen Agye da Mayahi. Su biyar ne: farfesa guda da ɗalibarsa daga Jamus, za su yi sati shida, ɗalibai biyu na mastar daga Katsina, za su yi zango guda cur, sai ɗalibin digirin digirgir daga Burkina Faso, wata huɗu. Suna so su iso farkon Yuli, yanzu kuma muna tsakiyar Maris. Turawan sun ce za su ɗebi ƙasa da ƴan irin hatsi da gyaɗa su koma da su. Sun roƙi takardar gayyata don neman biza. In rubuta in sa hannu in aika musu, ko da abin da ke gaba da ita? Masu sanin hanya ku taimaka.

Tsohon sakataren jami'a:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye alƙalamin tukuna. Gayyatar da malami ya sa wa hannu shi kaɗai ba ta da nauyi a ofishin jakadanci, kuma ko ta wuce can, za ta ba ku wahala a nan. Takardun nan hawa-hawa ne, kowace a kan ta ƙasanta take zaune.

Ta farko ita ce yarjejeniya tsakanin jami'o'in biyu, da sa hannun shugabannin biyu. A cikinta a faɗi wane ne ke biyan masauki, mota, asibiti da rakiya, wane ne ke da bayanan da za a tattara, da yadda sunayen malamanmu za su fito in an buga sakamakon. In akwai tsohuwar yarjejeniya, duba ranar ƙarewarta. Da yawa sun mutu a cikin durowa ba wanda ya lura. Da ita a hannu sai ofishin hulɗa da waje ya shirya gayyatar, shugaban jami'a ya sa hannu da hatimi. Da waɗannan biyun ne za ku nemi izinin bincike a ma'aikatar ilimi mai zurfi da bincike a Yamai, haɗe da bayanin aikin a Faransanci, tarihin karatun kowane baƙo da kwafin fasfonsa.

Ita gayyatar, kowa tasa daban. Kada a haɗa farfesa da ɗalibarsa a takarda guda, domin in bizar ɗaya ta makara, ta ɗayan ta lalace. Suna a kwafe shi harafi-harafi daga layin da ke ƙasan shafin fasfo, musamman sunayen Jamusawa masu ɗige-ɗige a kan wasali, don a wancan layin ana canza rubutunsu. A sa lambar fasfo, ranar shiga da ta fita, adireshin masauki, sunayen sassan jihar da za a shiga, da wanda ya ɗauki nauyi. Abin da ya fi kashe fayil shi ne ranaku: gayyata ta ce 1 ga Yuli, tikiti ya ce 28 ga Yuni, izinin bincike ya ce Agusta. Ma'aikacin da ya ga haka ba zai kira ku ya tambaya ba, ajiyewa zai yi. Ku ƙara sati guda gaba da baya a kan ranakun aikin, sa'annan duk takardun su ɗauki ranaku iri ɗaya.

Maris zuwa Yuli ya isa, amma babu rarar sati ko guda.

Hajiya ta hulɗa da waje:
Baba sakatare ya gama magana kan jerin. Ni kan bizar zan tsaya, don baƙinka kashi uku ne, hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Jamusawan dai dole da biza a fasfo kafin su hau jirgi. Kada kowa ya ce musu za a buga a filin jirgin Diori Hamani na Yamai. Kuma su fara tambayar inda za su kai fayil ɗin kafin su tura fasfo, domin a watan Agustan 2025 an taƙaita ofisoshin jakadancinmu da ke ba ƴan wasu ƙasashen Turai biza, har da Jamus, aka bar Janeba da Ankara da Mosko. Irin wannan umarni yakan sauya, saboda haka su kira su ji inda aka kwana a makon da za su nema. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla da shafuka biyu farare. A fom ɗin su rubuta ainihin abin da ya kawo su. Wanda ya shigo da sunan yawon buɗe ido aka same shi a gona da na'urar GPS da littafin tambayoyi, shi da mai masaukinsa duk sun shiga uku.

Ɗan Burkina ɗan gida ne a ƙawancen AES na ƙasashen Sahel (Nijar, Mali da Burkina Faso), ba ruwansa da biza. Ya zo da fasfo ko katin ɗan ƙasa mai aiki, da takardar jami'arsa.

Katin rigakafin shawara kuwa kan kowa ne, su biyar ɗin. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya bai yi komai ba. Tun 2016 allura guda ta wadatar har ƙarshen rai, wanda ke da tsohon kati ba sai ya sake ba.

Ɗan Zariya 2:
Su ƴan Katsina ai ba sai an wahala ba. Su hau mota zuwa Jibiya, su tsallako Ɗan Isa, kafin azahar suna Maraɗi. Kullum haka ake yi.

Hajiya ta hulɗa da waje:
Ƙanena, haka ɗan kasuwar da zai kwana biyu ya koma yake yi. Ɗalibin da zai yi wata biyar da rajista a jami'ar gwamnati lamarinsa daban. Gaskiya ne ba a neman biza wurinsu: ko da Nijar ta fita daga CEDEAO (ECOWAS) ranar 29 ga Janairun 2025, ƙasashen AES sun ce ƙofarsu a buɗe take ga ƴan ƙungiyar ba tare da biza ba. Amma rashin biza ba rashin takarda ba ne. Su zo da cikakken fasfo, kada su dogara da ɗan littafin tafiye-tafiyen CEDEAO, kuma su tsaya a bakin iyaka a buga musu hatimin shiga. Direbobi kan ce "ku zauna, mun san su", a wuce da mutum ba hatimi. Ranar da za a nemi takardar zama, hatimin nan shi ne shaidar ranar shigowa. In babu shi, babu inda za a fara ƙirga.

Ƙirgar kuwa wata uku ce. Baƙon da zai wuce wata uku yana bukatar takardar izinin zama, kuma hukumar DST ta ƴan sanda, mai sa ido kan shige da fice, ce ke da wannan aiki. Ku je ofishin ƴan sanda na jiha tun watan farko a faɗa muku abin da za a haɗa ga ƴan Katsinan, ku tambaya har da na ɗan Burkinan. Takardar shaidar rajista a jami'a, shaidar masauki da hotuna su kasance a shirye.

Abu na ƙarshe, wanda ya shafe ka kai tsaye, Malam: dokar shiga da zaman baƙi da aka fitar a Janairun 2025 ta ɗora wa mai saukar da baƙo, ko kyauta ne, ya sanar da ƴan sanda. Otal sukan yi da kansu ta fom ɗin da baƙo ke cikawa. In kuwa gidan baƙin jami'a ne ko gidan haya a unguwa, ku ne za ku kai sanarwar, a rubuce, ku karɓi kwafi mai hatimi.

Mai kula da fita daji:
Ni inda nake hango cikas ba a biza ba ne, tsakanin Yamai da gona ne. Baƙi Turawa ba sa fita wajen Yamai yanzu sai da rakiyar jami'an tsaro, kuma daga Yamai zuwa nan tafiyar kusan kilomita 660 ce ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni. Ba za ka sa su a bas ɗin asuba ka ce sai sun iso ba. Rakiya kuɗi ce: man motoci da alawus na kowace rana. In ba a sa ta a kasafin aikin tun yanzu ba, farfesan zai ƙare sati shidansa a ɗakin otal yana kallon hadari ta taga.

Jami'a ta rubuta wa gwamnan jiha wata guda kafin isowarsu, da jerin ƙauyuka da ranaku. Daga nan labari ya sauka wurin prefe (shugaban sashen jiha), ofishin magajin gari, sarkin yanki, har mai gari. Kowane mai shiga mota ya riƙe takardar aiki, wadda muke ce wa ordre de mission, mai ɗauke da sunan direba da lambar mota. In motar ta lalace aka canza wata, a canza takardar. A shinge lamba ake dubawa. Gwara da kuka zaɓi Agye da Mayahi. Kudancin Madarumfa da Gidan Rumji, wajen iyaka, ku cire su daga lissafi saboda masu garkuwa da mutane, ko da wani ya ce can itatuwan suka fi kyau. A fita da sassafe, a dawo kafin la'asar, kuma kada a sanar da ranar zuwa ƙauye a Facebook.

Shawarata ta gaskiya: ku tsara aikin yadda zai yiwu ko an hana Turawan fita. Ɗalibanmu da ƴan Katsina, masu jin Hausa, su yi awon gawo da kalgo da sabara su yi hira da manoma, farfesa ya zauna gari kan horo da nazarin bayanai. Jirgi marar matuƙi da wayar tauraron ɗan adam kada su sako su a jaka in babu rubutaccen izini, a filin jirgi za a riƙe su. Sauran na'urori a jera su da lambobinsu a takardar jami'a, a nuna wa duwan (kwastan) cewa shigowar wucin gadi ce, za su koma.

Dakta, ɗakin gwaje-gwaje:
Maganar ɗibar ƙasa da iri ce ta tayar da ni. Malam, wannan ba tsaraba ba ce da za a cusa a ƙasan akwati.

Ƙasa tukuna. Tarayyar Turai ta hana shigar da ƙasar gona daga waje sai da takardar izini ta musamman don bincike, wadda hukumar kare tsirrai ta can ke bayarwa ga ɗakin gwajin da zai karɓa. Su ne za su nemo ta, kafin su taso. Mafi sauƙi a yi gwajin a gida: INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na da ɗakin gwajin ƙasa a Yamai, ICRISAT, cibiyar duniya ta binciken amfanin gonar yankuna masu ƙarancin ruwa, ma na da nata a Sadore. A shanya samfurin a inuwa, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, a ɗaure gram 300 a leda biyu, lamba ɗaya ciki ɗaya waje. Ƙasar damina in aka ƙulle ta da danshi, ƙwayoyin cikinta na ci gaba da aiki, awon nitirojin ya fito ƙarya. Kowane samfur a bar rabinsa a nan.

Iri kuma hanya biyu ce. Hatsi, dawa da wake suna cikin jerin amfanin gonar da yarjejeniyar duniya kan irin shuka ta sauƙaƙa musayarsu. In daga rumbun iri na hukuma aka ɗauko, akwai daidaitacciyar takardar miƙa iri da ake sa wa hannu. Gyaɗa ba ta cikin jerin. Ita, da duk abin da aka karɓa daga hannun manomi, da sanin gargajiyar da ke tare da shi, yarjejeniyar Nagoya ce ta hau kansu: sai da izinin hukuma tun kafin a ɗiba, da rubutacciyar yarjejeniya kan rabon amfani. Ku fara da CNEDD, majalisar ƙasa ta muhalli da ci gaba mai ɗorewa, a Yamai. Bayan haka sai takardar lafiyar tsirrai daga hukumar kare tsirrai ta ƙasa, wadda ake karɓa dab da tafiya. Mujallu da yawa yanzu suna tambayar waɗannan takardu kafin su buga aiki, don haka su kansu baƙin ne ke da riba.

In tambayoyin da za a yi wa manoma sun taɓa lafiya ko abincin yara, sai fayil ya bi ta kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa.

Likita:
A taƙaice. Yuli zuwa Oktoba ganiyar zazzaɓin cizon sauro ce a Maraɗi. Turawan su zo da maganin kariya: atovaquone-proguanil ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin isowa, a ci gaba kwana 7 bayan komawa, doxycycline kuwa sai sati 4 bayan komawa, kuma yana sa fata saurin ƙuna a rana. Kowane gado da gidan sauro. Duk zazzaɓi a yi gwaji a ranar, kada a jira gobe. Inshorarsu ta ƙunshi ɗauka da jirgi in ciwo ya yi tsanani, kuma su karanta ta da kyau, wasu kamfanoni kan cire ƙasashen da gwamnatinsu ta gargaɗe su da zuwa.

Malamin tsangayar noma:
Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Gobe zan nemi tsohuwar yarjejeniyar. Saura guda: ƴan Katsinan sun ce jami'arsu na son maki da za ta lissafa musu. Yaya ake daidaita wannan?

Tsohon sakataren jami'a:
Kafin su taso, shugabannin sassan biyu su sa hannu a takarda guda mai jera darussan da za su ɗauka da abin da kowane zai maye a can. Mu a tsarin LMD (digirin farko, mastar, digirgir) zango guda kiredi 30 ne, maki kan 20, ana cin darasi da 10. Su kuma nasu lissafin kan 5 yake. A rubuta teburin canjin a cikin takardar tun yanzu, don 12 bisa 20 a wurinmu maki ne mai kyau, amma wanda ya mayar da shi kashi cikin ɗari kai tsaye zai iya rage wa yaro daraja ko ya ƙara masa ba bisa ƙa'ida ba.

Ka kuma gwada Faransancinsu ta waya. In bai kai na zama aji ba, a yi musu rajista a matsayin masu horon bincike da yarjejeniyar horo, a auna su da rahoto da gabatarwa gaban malamai uku. Takardun karatunsu na Turanci a fassara su wurin mai fassara da hukuma ta amince da shi, su zo da asalin da kwafi biyu-biyu. Sannan ka duba kalandar tsangayarku: in Yuli ya faɗa cikin hutu ko jarrabawa, babu darasin da za su shiga sai an koma, kuma ranar rajistar ce za ta hau takardar zamansu.