"Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba": lallashi ne ko habaici?

Baban Hanifa: Jama'a ku raba mu gardama. Asabar ɗin nan na kwashi iyali a nan Ingila muka je hawan tsohon jirgin ƙasa mai aiki da kwal, daga Pickering zuwa Whitby. Mil 24 ne kacal, amma mun kusa awa biyu, don gudunsa ba ya wuce mil 25 a awa. Yara sun maƙale a taga suna kallon hayaƙi, ƙaramin har ya ga mai zuba kwal da shebur, fuska baƙi ƙirin. Ƙanin maiɗakina kuwa tun daga tasha yake mita, wai an biya kuɗi an sayi ɓata lokaci. Muka ɗan sa-in-sa. Sai surukata ta ce, "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba." Ni na ce ni ta goya wa baya, shi ya ce shi. Kunya ta hana ni tambayarta.

Malam Na Fagge: Kai ta goya wa. Haƙuri ake ba mai garaje da ita. Ba ka ji ana cewa sauri ya haifi nawa ba?

Maman Sadiƙu: Allah gafarta Malam, to wutsiyar fa? "A daɗe ba a je ba" ai ba yabo ba ne. Ni gidanmu mai nawa ake yaɓa wa.

Bazazzagiya: Kun tuna min da kakata, Allah Ya jiƙanta. A ƙaramin jirgin nan na Zariya zuwa Jos aka kai ta gidan miji, wanda Turawa suka shimfiɗa saboda kuza, aka rufe shi a 1957. Ta ce da sassafe suka shiga, ita da gwaggonta, da ƙwaryar fura da ƙullin ƙuli-ƙuli. In ya tsaya shan ruwa sai ka rantse kwana zai yi. Da ya fara hawan tudun Jos kuwa nishi kawai yake, samari suna dirowa suna takawa a gefensa suna hira da na ciki. Ana cikin haka tartsatsin kwal ya shigo ta taga ya huda mata zanen saƙin da uwarta ta ba ta. Amarya ba ta magana, sai hawaye. Gwaggo ta tofa yawu a yatsa ta danne wurin. Sai bayan isha'i suka isa, dangin ango tun la'asar suna tasha, ga sanyi. Uwar miji ta kama hannunta, kalmar farko da ta faɗa mata ita ce wannan karin magana. Na ga zanen da idona a ƙasan adakarta, hudar kamar ƙwandala. Duk ranar da suke shiri da uwar mijin sai ta ce marhabin aka yi mata da ita, ranar da suka saɓa ta ce tun a tasha aka fara yi mata habaici.

Maman Sadiƙu: Allah sarki Kaka! Zanen yana nan?

Ɗan Gangare: Ita ko ba komai ta isa. Mu layin dogon da wani ya yi mana alkawari ranar kamfe, akuya ke kiwo a kai. Zaɓe uku ke nan!

Malam Na Fagge: Wannan ai ba sannu ba ce, tsayuwa ce. Kada ku ɓata wa kunkuru suna, shi yana motsi.

Ɗan Gangare: Malam, jiniyar 'yan siyasa kaɗai ke sauri.

Baban Hanifa: Jama'a, ni fa maganar surukata na kawo.

Bazazzagiya: Zanen yana wurin yayata a Tudun Wada, Maman Sadiƙu. Baban Hanifa, lokacin da Hajiya ta faɗa, wa take kallo a cikinku?

Baban Hanifa: Taga take kallo. Tumaki ne a kan tudu.