VLAN uku a kan Cisco 1941: ofis na ganin rauta amma ba ya ganin firinta

Sani_Tudunwada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wata makarantar kuɗi a nan Zariya. Muna da rauta (na'urar da ke tsallakar da saƙo tsakanin rukunonin adireshi) Cisco 1941 da suwic (akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa) Catalyst 2960 mai rami 24, duk na hannu ne. Na kasa makarantar gida uku da VLAN, wato raba na'urorin da ke kan suwic ɗaya rukuni-rukuni yadda ba za su ga juna kai tsaye ba: VLAN 10 ofisoshi, har da na mai karɓar kuɗin makaranta, VLAN 20 ɗakin kwamfutar ɗalibai, VLAN 30 kuma firinta da babbar kwamfutar da ke raba adireshi ta DHCP. Waya ɗaya tak ta haɗa rauta da suwic, ramin da ta shiga a suwic na sa masa `switchport mode trunk` don ya ɗauki saƙon duk VLAN ukun. A rauta na yanka ramin g0/0 gida uku, ɗaya ga kowane VLAN: g0/0.10, g0/0.20 da g0/0.30, na ba su 192.168.10.1, 192.168.20.1 da 192.168.30.1, na kuma yi `no shutdown` a kan g0/0.

Ga inda kaina ya ɗaure. Kwamfutocin ofis, waɗanda na sa wa adireshi da hannu, in na yi ping (saƙon gwaji don ganin ko na'ura za ta amsa) zuwa 192.168.10.1 suna samun amsa, haka ma 192.168.30.1. Amma firintar da ke 192.168.30.50 shiru kake ji. Na ɗalibai kuwa ko adireshi ba sa samu, sai wani mai farawa da 169.254. Ranar Litinin za a fara buga takardun jarrabawa, shugaban makaranta har ya fara harara ta, wai da can komai na tafiya lafiya. E, yana tafiya, amma yara na buɗe fayilolin ofis. Don Allah a taimaka.

InjiniyaBala:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ciwo biyu ne daban, kar ka haɗa musu magani.

Na firinta: amsar da ka samu daga 192.168.30.1 kar ta ruɗe ka. Rauta ce ta amsa da bakinta, saƙon bai ko shiga VLAN 30 ba. Saƙonka na zuwa wurin firinta yana isa, hanyar dawowa ce ba ta sani ba. Lokacin da kowa ke gida ɗaya ba ta buƙatar ƙofar fita, shi ya sa masu haɗa firinta kan bar wurin gateway, wato ƙofar fitar, fayau. Je ka kan allonta ka sa 192.168.30.1. In kuma babbar kwamfutar ce ta ƙi amsa ping, duba katangar tsaro ta Windows, takan toshe ping ɗin da ya fito daga wani rukunin adireshi.

Na ɗalibai: 169.254 kwamfuta ce ta ba kanta da ta nemi DHCP ba a kula ta ba. Neman DHCP shela ce, rauta kuma ba ta tsallakar da shela daga wannan VLAN zuwa wancan. Shiga g0/0.20 ka rubuta `ip helper-address` da adireshin babbar kwamfutar, sannan ka buɗe mata rukunin 192.168.20.0 mai nuna 192.168.20.1 a matsayin ƙofar fita. Kafin nan ka buga `show interfaces trunk` ka ga ko 20 na cikin waɗanda aka bari su wuce. Duk wanda ya rubuta `switchport trunk allowed vlan` ba tare da `add` ba, ya share jerin baya kenan. Ka kuma tabbata `encapsulation dot1Q 20` ke ƙarƙashin g0/0.20, don lambar bayan ɗigon nan suna ce kawai, ta dot1Q ita rauta ke aiki da ita.

Sani_Tudunwada:
Allah ya saka da alheri, Yallabai. Gateway ɗin firinta 0.0.0.0 na tarar, ina gyarawa ta fara amsawa. Jerin VLAN na suwic lafiya lau, helper ɗin ne ya rage, yanzu yara sun samu adireshi.

Hadiza_Kd:
Malam Sani, kar ka yi saurin murna. Zauna a kwamfutar ɗalibi ɗaya ka yi ping zuwa ta mai karɓar kuɗi, ko ka nemi fayilolinta da adireshi. Rauta ba ta san dalilinka na raba su ba, duk rukunin da ke manne da ita haɗa su za ta yi. Ka gina katanga ne ka bar ƙofa ba ƙyaure. Ga jerin dokokin hani da izini da nake sawa a rauta:

`access-list 120 deny ip 192.168.20.0 0.0.0.255 192.168.10.0 0.0.0.255`
`access-list 120 permit ip any any`

Sai a cikin g0/0.20 ka sa `ip access-group 120 in`. Layi na biyun nan dole ne, domin a ƙarshen kowane jeri akwai hani ɓoyayye da ke tare komai. In ka bar shi, DHCP da intanet na yara duk za su mutu. Ka sani kuma ofis ma ba zai iya shiga kwamfutocin ɗalibai ba, tunda amsarsu ta wannan hanyar za ta biyo. Da ka gama ka buga `copy running-config startup-config`, in ba haka ba NEPA na ɗauke wuta aikinka ya bi ruwa.

Dan_Gusau:
Ni dai duk wannan wahala ce. Ka nemi Catalyst 3560, ka kunna `ip routing`, kowane VLAN ka ba shi `interface vlan` nasa, shi kenan. A tsarinka duk fayil sai ya hau waya ɗaya ya je rauta, ya kuma sauko ta cikinta.

InjiniyaBala:
Gaskiyarka, Ɗan Gusau, amma me ke tsallakawa a makarantar nan? Takardun bugawa da neman adireshi. Abin da ɗalibai ke aika wa juna a cikin VLAN 20 ba ya zuwa rauta sam, a suwic yake ƙarewa. Ramin g0/0 na 1941 gigabit ne, ka dai tabbata, Malam Sani, ɗaya ƙarshen wayar a ramin gigabit na suwic yake, ba cikin ramukan megabit 100 ba. Ranar da kuka kawo kyamarorin tsaro sai a sake lissafi.

Sani_Tudunwada:
A Gi0/1 take, Yallabai. Hajiya Hadiza, na gwada kafin in sa jerin, fayilolin ofis kuwa suka buɗe daga kujerar ɗalibi. Yanzu sun rufe, firinta na bugawa daga ofis da ɗakin yara. Saura tambaya ɗaya: wayoyin malamai masu hawa Wi-Fi, in zuba su a VLAN 10 ko in yanka musu 40?