Wahayi ko takarda, wa zai gaji kujera?

Baban Saratu: Jama'a tun jiya raina a ɓace yake. Mun zauna taron ƙungiyarmu ta unguwa nace a rubuta yadda za'a zaɓi sabon shugaba idan na yanzu ya sauka ko rai yayi halinsa, sai wani dattijo ya taso min wai fatan mutuwa nake wa shugaba, Allah zai nuna magaji in lokaci yayi. To aje a tambayi 'yan Cele, wato Celestial Church of Christ, cocin gargajiyan nan masu fararen kaya da yawo ba takalmi. Wanda ya kafa ta, Oshoffa, shi kaɗai ke amsa sunan Fasto a cocin gaba ɗaya, kuma kundinsu na 1980 cewa yayi Allah zai bayyana wa Fasto mai ci magajinsa shi kuma ya sanar. Bawan Allah yayi hatsarin mota a 1985 ya rasu bai ambaci kowa ba. Aka ɗora Bada, ɗaya daga manyan cocin, a kujerar, wani babba a cikinsu Owodunni ya garzaya kotu, shekara 15 ana abu ɗaya sai a 2000 Kotun Ƙoli tace naɗin bai bi kundinsu ba. Duk ƙungiyar da ta bar gadon kujera a hannun wahayi gaban alƙali zata ƙare.

Maman Godiya: Yaya da girmanka, me kake nufi da gargajiya? Ka fito fili kace tsafi mu san inda ka dosa.

Baban Saratu: Ni ban ce tsafi ba ƙanwata, maganar magaji nake.

Maman Godiya: Ai mun saba ji. Shekara 9 ina Cele a Kaduna, Littafi Mai Tsarki ɗaya muke karantawa da ku. Dokarmu ta hana zuwa wajen boka, ta hana laya, giya, taba, naman alade. Ina gargajiyar take?

Ɗan Wusasa: Anti kiyi haƙuri amma kyandir fa? turare, ruwan addu'a, kwakwa da ayaba a gaban bagadi, ga masu faɗuwa suna ganin wahayi. Ni a ECWA na tashi ban taɓa ganin haka ba.

Maman Godiya: Katolika basa kunna kyandir da turare? Ko don nasu daga Roma yazo shine ya zama mai tsarki, namu na baƙar fata ya zama bori?

Malam Tela: Ni musulmi ne ba ruwana da rigimarku, amma gargajiya ai ba zagi bane. Sarautar gargajiya fa, maganin gargajiya fa? Abinda aka haifa a gida ba bature ya kawo ba shine gargajiya. Kuma cire takalmi a wajen ibada wlh ya burge ni, ni nake ɗinka wa wasunsu farar rigar nan sutana, basu taɓa cin kuɗina ba.

Ɗan Wusasa: Hhhh Malam kare kasuwarka dai kake

Malam Tela: Kai yaro ɗinkin kirsimetinka na bara har yau da saura 2,500 a kanka, kar ka sa in yi magana.

Ɗan Wusasa: Haba Malam a gaban mutane? Wandon ma ai ɗangalalle ka min.

Oga Sabon Gari: Ku bar wahalar da kanku, cocin Yarbawa ce kawai. Gargajiyar Yarbawa.

Maman Godiya: Ka ga irinta ko. A Porto-Novo aka kafa ta a 1947, Jamhuriyar Benin, lokacin ana ce mata Dahomey. Papa Oshoffa kafinta ne, a gidan 'yan Methodist ya tashi. Ni Bajju ce, mai koya mana waƙa Ibo ne.

Oga Sabon Gari: To me ya kai kabarinsa Imeko a jihar Ogun? Me yasa duk Disamba can kuke tururuwa?

Maman Godiya: Garin mahaifiyarsa ne. Can ake shafe mutane da mai, da shafewar ake hawa matsayi daki-daki, ba wai kazo yau gobe ka zama babba ba. Kuma ko daga wace coci ka fito sai an sake maka baftisma kafin a ƙirga ka cikin membobi. Kowane reshe da makiyayinsa da kwamitinsa. Tsari ne da mu ba hayaniya ba.

Hajiyar Kanti: Tunda tsari ne, mace tana wa'azi a wajenku? Maƙwabciyata tace in tana al'ada kwana 7 bata taka harabar cocin.

Maman Godiya: Hajiya ke da bakinki? Ke kina sallah a lokacin?

Hajiyar Kanti: Tambaya nayi 'yar'uwa ba faɗa ba, kuma baki amsa ta wa'azin ba.

Baban Saratu: Dan Allah a dawo kan magajin. Bayan Bada ma rabuwa akayi, ɓangaren Porto-Novo dama a lokacin nasu jagoran Agbaossi suke bi, a Najeriya wasu na bin ɗan Oshoffa, Emmanuel, wasu sun ja nasu. Abinda nake gudar wa ƙungiyarmu kenan.

Ɗan Wusasa: Ɗa ya gaji uba? Ashe masarauta ce, gargajiyar ta tabbata kenan

Maman Godiya: Masu manyan cocinku na Legas wa suke bar wa? Kar ka sa in fara lissafi.

Admin: To ya isa haka. Abinda muka fahimta a taƙaice: an tabbatar kalmar gargajiya daidai take kamar yadda yayana Malam Tela ya fayyace da ilimi, Maman Godiya ta ɗau zafi ba dalili, Ɗan Wusasa zai biya 2,500 kafin Juma'a. Zancen ƙungiyar unguwa kuma ba hurumin nan bane, dattawa sun fi mu sani. An rufe.

Maman Godiya: Wa ya tabbatar? Kai wa ma ya zaɓe ka admin?

Baban Saratu: Tambayar da nayi jiya kenan aka kusa dukana.