Ina 'yan matan ke tafiya bayan aji huɗu?

Malamar firamare, Bukuru:
Salam jama'a. Ina koyarwa a wani ƙauye can ta wajen Barikin Ladi, abin da ke damuna shi ne aji ɗaya mata fal har sun fi maza, amma kafin a kai aji biyar wlh sai ki ƙirga su da yatsa. Wanda ya taɓa gani a wajensu ya faɗa mana.

Maman biyu, Unguwar Rogo:
Malama ni ganau ce ba jiyau ba. A ƙauyenmu ta Wase makarantar ko bayi ɗaya babu, maza su zaga bayan aji, ke kuwa da kin fara girma ina za ki? Ranar da al'ada ta fara zo min ina aji, ɗankwali na ɗaura a ƙugu na bi ta gonar dawa na gudu gida, ban sake leƙawa ba sai da aka kawo malama mace, ita ta zo har tsakar gida ta zauna kan tabarma tana taya Inna ɓarar gyaɗa tana lallashi, sau uku tana zuwa kafin Baba ya ce to.

Direba, Farin Gada:
Hajiya naku da sauƙi. An ce boko kyauta ne tun dokar UBE ta ilimin matakin farko ta 2004, amma kuɗin PTA fa? Yunifom, littafi, har tsintsiya. Ƙanwata tallan awara ta koma don da shi ake tara mata kayan ɗaki, wasu kuma wankin kuza suke zuwa. Ban ga laifin tsohuwarmu ba gaskiya.

Malamar firamare:
Haka ne Yaya. Lokacin da ake ciyarwar nan ta gwamnati ajina har kan taga ake zama, da masu dafawa suka daina zuwa sai benci.

Ɗan Mangu:
Mu rafi ne, damina in ya ciko ba uwar da za ta bar yarinya ta tsallaka, ga cirar dankali ta zo a kwashe yara gona. Mu 'yan SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, muka haɗa kuɗi muka sa gadar katako, ruwan Agusta ya tafi da shi.

Maman biyu:
Malama ku naku akwai bayin? Duba can tukun.