Kalmar "hog" a Hausa: ni dai na tsaya a kan babakere

Jama'a, masu fassara da masu aikin rediyo, ku matso mu daidaita kan wata kalma da ke yawan fitowa a hirar Turawa ta yau da kullum, wato "hog".

Asalinta sunan alade ne, musamman a Amurka, inda suke kiran ƙaton aladen da aka kiwata don yanka da wannan suna. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Amurkawa suka mayar da ita aikatau. Idan mutum ya kame abin da na kowa ne ya hana saura, sai su ce ya yi "hogging". Direban da ya tare tsakiyar titi "road hog" ne. A ƙwallon kwando, ɗan wasan da ba ya sakar wa kowa ƙwallo "ball hog" ne. Yanzu har manhajar da ke cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta suna ce mata "memory hog".

Abu na farko, don Allah a cire alade daga fassarar. Bature na faɗin kalmar nan ga ƙaninsa a kan rimot ɗin talabijin, su yi dariya a wuce wurin. A wajenmu kuwa, ka ce wa mutum alade ka zage shi ne da ƙazanta da rashin kamun kai, zagin da sai manya sun shiga tsakani. Mai fassarar da ya rubuta "aladen hanya" ya mayar da ƙorafi zagi, kuma mai sauraro ba zai ma gane tare hanya ake nufi ba.

An kawo shawarar rowa. Ban yarda ba. Marowaci da abinsa yake rowa, kuɗinsa ne ko hatsinsa. Shi kuwa wannan, abin da ya riƙe ba nasa ba ne shi kaɗai, hanya ce ko famfon unguwa ko makirfo a wajen taro.

Handama ta fi kusa, kuma na san dalilin da ya sa take zuwa baki da sauri, tunda mun saba jin "handama da babakere" a haɗe a maganar siyasa. Amma a raba su a duba. Handama ciki take nufa ko aljihu, mutum ya kwashe ya cusa. Ta dace da abinci da dukiyar jama'a. Direban tirelar da ya hana ka wucewa bai handame komai ba, titin na nan, kai ne dai ba ka samu rabonka ba.

Nan ne babakere ta yi daidai. Tana ɗauke da abubuwa biyun da kalmar Turancin ke ɗauke da su: mutum ya zauna daram a kan abu, sannan wasu na tsaye suna jira. Ga ta kuma da aikatau a shirye, ba sai mun ƙirƙiro ba: ya babake hanya, ta babake waya tun safe, sun babake layin mai. Mai yin abin kuma ɗan babakere. Nauyinta ma ya yi daidai, ana iya faɗa wa aboki cikin raha, ana iya rubutawa a jarida.

Kankane ma ina sonta, sai dai ta fi zama a kan muƙami ko harka, kamar a ce ya kankane shugabancin ƙungiya. A bar mata wannan fagen.

Wuri ɗaya ne ban ga buƙatar babakere ba, wato maganar data da cajin waya. Masu gyaran waya da masu sayar da kati sun riga mu yanke hukunci, cewa suke manhaja tana cin data, tana shan caji. A bi su a haka. Amma a maganar ƙwaƙwalwar na'ura, inda manhaja ɗaya ke riƙe wuri har sauran su kasa motsi, "ta babake ƙwaƙwalwar waya" ta zauna.

'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuke fassara daga Faransanci, ina son jin ko babake na nan a bakinku da wannan ma'ana, ko akwai wata da kuka fi amfani da ita.